Sankarar bakin mahaifa: me ya sa gashi ke yi wa wata aiki, wata kuma ciwon ya dawo?

Duk ranar da muka taɓo zancen sankarar bakin mahaifa a shirinmu na kiwon lafiya, akwai tambaya guda da ba ta fashi, ko ta tarho ko ta saƙon murya daga ƴan'uwa da ke Kano, Legas, Abijan ko Libiya. Tambayar ita ce: an sayar da bisashe, an haɗa kuɗi, an kai mace asibiti an yi mata gashi na na'ura, ta samu sauƙi, amma bayan wasu watanni jini ya dawo. Ga kuma wata da aka yi wa gashin iri ɗaya tana nan garau tana daka. To ina bambancin yake? Wasu su ce na'urar ce ba ta da ƙarfi, wasu su ce ai dama jifa ne, ba ciwon asibiti ba.

Amsar tana cikin ƙwayar ciwon da kanta. Ƙwayar sankara ba ta tsayawa a kashe ta, tana da masu tsaronta, kuma masana sun daɗe suna bin diddiginsu. Mun ga ya kamata mu rubuta bayanin a nan, domin wanda zancen ya wuce shi a rediyo ya karanta a tsanake, ya kuma karanta wa iyayenmu mata da ba su yi lakkwal ba.

Mu fara da kalmar "gashi" ɗin, don ta tsorata mutane da yawa. Ba wuta ake hurawa ba, ba a kuma ƙona mace kamar nama. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mace tana kwanciya, na'ura ta auna wurin ciwon, cikin ƴan mintoci an gama, kuma a lokacin ba ta jin zafi. Wahalar daga baya take zuwa: kasala, gudawa, zafin fitsari, wani lokaci fata ta yi duhu. Kuma wadda aka yi wa gashi daga waje ba ta ɗauke da hasken zuwa gida, tana iya rungumar jikokinta, a ci tuwo kwano ɗaya da ita.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ke ɗauke da dukan umarnin rayuwarta, wanda likitocinmu ke kira ADN, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce DNA. Hasken gashi wannan zaren yake nema. Wani lokaci ya tsinka shi kai tsaye, amma mafi yawa ruwan da ke cikin ƙwayar yake fasawa, ruwan ya koma wasu ɓarɓashi masu dafi, su kuma su afka wa zaren. Idan tsinkewar ta yi yawa har ƙwayar ta kasa gyarawa, sai ta mutu lokacin da ta zo rabuwa biyu, ko kuma ta kashe kanta da kanta, domin Allah ya sanya wa kowace ƙwaya wannan tsari na sallama idan ta lalace. Dalilin da ya sa ba a yin gashin rana ɗaya ke nan. Ana raba shi kaɗan-kaɗan, galibi sau 25, kwana biyar a sati har sati biyar, saboda lafiyayyun ƙwayoyin mafitsara da na hanji su samu dare su gyara kansu, su kuwa na sankara ɓarnar ta yi ta taruwa a kansu.

Kun ga ashe gashi tsere ne tsakanin ɓarna da gyara. Duk ƙwayar da ta fi iya gyara, ita ke tsira.

A nan ne furotin ɗin da muke son magana a kansu suke shigowa. Mu dai mun san furotin a matsayin abinci mai gina jiki, wake, nama, ƙwai, nono. Amma a cikin ƙwaya furotin su ne ma'aikata, dubbai ne, kowane da sana'arsa: wani ɗinki, wani dako, wani gadi. Kuma kowane furotin sai an naɗe shi wani irin naɗi na musamman kafin ya yi aiki, kamar rawani, wanda in ya warware ya koma ƙyalle kawai. Zafi, guba, rashin iska ko hasken gashi duk suna warware wannan naɗi. Ku dubi farin ƙwai idan ya ji wuta, yadda yake dunƙulewa ya yi tauri ba ya komawa yadda yake. Abin da ke iya samun furotin ɗin cikin ƙwaya ke nan idan ta shiga tsanani.

To akwai wata ƙungiyar furotin da aikinta shi ne hana wannan. Da zarar ƙwaya ta shiga matsi sai ta yi ta ƙera su da yawa, su kama furotin ɗin da ya fara warwarewa, su riƙe shi, su taimaka a sake naɗe shi, wanda kuma ya lalace ƙwarai su raka shi inda za a rushe shi. Masana sun ba su sunan tsohuwar nan da ake haɗa budurwa da ita don ta sa mata ido, mu a nan sai mu ce ƴan rakiya, kamar masu rakiyar amarya. A takardun likita kuma za ku ga an rubuta HSP, da lamba a gaba: HSP27, HSP70, HSP90. Lambar nauyin kowannensu ce kawai.

Yadda aka gano su ma abin dariya ne. A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin ƴan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, sai wani abokin aikinsa ya taɓa ma'aunin zafin akwatin da yake ajiye tsutsotsinsu, zafi ya ƙaru. Da ya duba a madubin ƙara girma, sai ya ga wasu wurare a zaren gadonsu sun kumbura, alamar cewa ƙwayoyin sun tashi wani aiki na gaggawa. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka gano furotin ɗin da ake ƙerawa a wannan lokaci. Daga baya aka tarar ba ƙuda kaɗai ba ne, har da hatsi, da raƙumi, da mu kanmu, kusan duk mai rai yana da su. Mu da muke rayuwa cikin zafin watan Afrilu na Tawa da Damagaram, ƴan rakiyar nan ba ƙaramin alheri suke mana ba.

Matsalar ita ce ƴar rakiya ba ta tambayar halin amarya. Yadda take kare lafiyayyar ƙwaya, haka take kare ta sankara, har ma fiye. Ƙwayar sankara kullum cikin matsi take: tana hayayyafa da gaggawa, abinci ba ya isarta, iska ba ta isarta, furotin ɗinta da yawa gurɓatattu ne masu saurin warwarewa. Don haka tun kafin a kunna na'urar gashi ta riga ta tara ƴan rakiya fiye da ƙwayar da ke maƙwabtaka da ita. Idan haske ya sauka, kowanne ya kama aikinsa. HSP27 yana taimaka wa ƙwayar ta shanye ɓarɓashin nan masu dafi kafin su kai ga zare. Shi da HSP70 suna kuma tare hanyar da ƙwaya ke bi ta kashe kanta, wato an ba ta umarnin sallama amma an riƙe ɗan aiken a ƙofa. HSP90 kuwa shi ne babba, domin yana tallabe da furotin masu yawa da sankara ke dogaro da su, ciki har da masu ɗinke zaren ADN idan ya tsinke. Kun yanka da rana, tela ya ɗinke da dare.

Ita sankarar bakin mahaifa dama ta zo da nata rauni. Kusan dukanta wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, birus mai suna HPV, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma ya yaɗu ƙwarai a duniya, har ga matar da ba ta san kowa ba sai mijinta. Muna jaddada wannan don a daina yi wa marasa lafiya kallon zargi. Jikin mafi yawan mata yana kawar da shi da kansa, amma ga wasu sai ya zauna, bayan shekara 15 zuwa 20 ya zama sankara, ga mai ɗauke da cutar sida kuma ya fi sauri. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya tabbatar da wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu, na 16 da na 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Abin da birus ɗin ke yi shi ne ya ƙera wani furotin nasa mai suna E6, wanda ke rushe babban mai gadin ƙwaya da ake kira p53, wanda shi ne ke cewa "tsaya, zare ya lalace, a gyara ko a mutu". Mai gadi ya tafi, ƴan rakiya sun yi yawa. Kun ga dalilin taurin kan wasu ƙwayoyin.

Yawancin wannan sani an same shi ne daga jikin mace guda, kuma ya dace a ambace ta. Sunanta Henrietta Lacks, baƙar fata ce ƴar Amurka, uwar ƴaƴa biyar. A 1951 ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore da wannan ciwo, aka yi mata gashi da sinadarin radiyom, amma ciwon ya bazu, ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31. An yanki wani ɗan yanki na ƙarin ba tare da an nemi izininta ba, kuma ƙwayoyin suka ci gaba da hayayyafa a kwalba har yau da muke magana. Ana kiransu HeLa, daga farkon sunayenta biyu, kuma suna ɗauke da HPV nau'i na 18. Iyalinta sun yi fiye da shekara ashirin ba su san ana amfani da su ba. A kan waɗannan ƙwayoyi, da wasu irinsu da ake kira SiHa, masana suka yi ta gwaji: idan aka ɗaure hannun HSP90 da magani sannan aka haska gashi, ƙwayoyin da ke mutuwa sun fi yawa.

Sai mai sauraro ya ce, to a kawo maganin mana! A nan ne za mu ce a yi hattara. Kwalba daban, jikin mace daban. Maganin farko da aka gano yana toshe HSP90, mai suna geldanamycin, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo shi, amma ya zamana yana lalata hanta. An yi ta gyara shi ana fitar da ƴaƴansa da jikokinsa, an gwada da yawa a jikin mutane, akasari ko dai illa ta yi yawa ko amfanin bai kai yadda aka zata ba. Dalili a fili yake: hanta da ido da hanji su ma suna buƙatar ƴan rakiyarsu. Wani abin mamaki kuma, idan aka toshe HSP90 sai ƙwayar ta ji matsi ya ƙaru, ta ƙara ƙera HSP70, ka rufe ƙofa ta buɗe taga. A 2022 ƙasar Japan ta amince da wani magani na wannan dangi, amma don wata sankarar ciki ce, ba ta mahaifa ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba ko ƙulli, a kasuwa ko a Facebook, ya ce yana "karya garkuwar kansa", ku riƙe kuɗinku.

Akwai dai wata dabara da aka gwada a jikin mata ta kuma yi amfani, kuma abin ban sha'awa da zafi ake yinta. A ƙasar Holan an ɗumama wurin ciwon da wata na'ura ta musamman zuwa wajen digiri 42 na kimanin awa ɗaya, sau ɗaya a sati, tare da gashi. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2000 ya nuna ƙarin ya ɓace gaba ɗaya ga kashi 83 cikin 100 na matan da aka haɗa wa biyun, ga waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuma kashi 57. Zafin yana ƙara gudun jini a cikin ƙarin, yana kuma gurgunta masu ɗinkin zare na ɗan lokaci. Amma me ya sa ba a yinsa kullum? Saboda ƴan rakiyar nan ne dai. Bayan ɗumamawa ƙwayoyin da suka tsira suna cika da HSP, su yi kwana biyu zuwa uku zafi ba ya yi musu komai, dole a jira su lafa. Muna roƙon iyayenmu kada a ji wannan a ce to bari a shiga ruwan zafi irin na jego, ko a yi turare, ko lalas da sakiya. Zafin da ke ƙona fata ba ya isa bakin mahaifa, ƙuna kawai za a jawo, kuma fatar da ta ƙone tana iya sa a dakatar da gashin asibiti.

Yanzu mu dawo gida, ga abin da ke hannunmu. Ƴan rakiya ba su kaɗai ba ne ke sa gashi ya gaza, akwai abubuwa uku da suka fi su bayyana a asibiti, kuma duka ukun iyali na da ta cewa a kansu.

Girman ƙari shi ne kan gaba. Idan ƙari ya girma, tsakiyarsa tana nisa da jijiyoyin jini, iskar oksijin ba ta isa can. Ita kuwa oksijin ita ce ke tabbatar da ɓarnar da haske ya yi wa zare, ta sa ta ƙi gyaruwa. Ƙwayar da ke zaune inda babu iska tana iya buƙatar haske har kusan ninki uku kafin ta mutu, kuma wannan rashin iskar shi kansa matsi ne da ke ƙara tada ƴan rakiya. Ga shi ba a iya ƙara haske yadda aka ga dama, don mafitsara da dubura suna nan kusa. Macen da ta zo da ƙari kamar ƙwayar gyaɗa da wadda ta zo da shi kamar lemu, na'ura ɗaya za su hau amma ba yaƙi ɗaya ake yi ba. Jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani: waɗannan ba abin kunya ba ne da za a yi shekara ana ɓoyewa.

Sai ƙarancin jini. Mace ta yi wata da watanni tana zubar da jini, ga haihuwa a kai a kai, ga zazzaɓin cizon sauro, sai ta isa asibiti tafin hannunta fari fat. Jini shi ke dakon oksijin, kuma likitoci sun daɗe da lura cewa masu ƙarancin jini sakamakonsu ya fi rauni. Shi ya sa ake auna jini kowane sati, wani lokaci a ce sai an ƙara mata kafin a ci gaba. Idan aka nemi ƴan'uwa su ba da jini, maza kada a zame.

Na ukun shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato yanke magani a tsakiya. Ƙa'idar likitoci ita ce a kammala komai cikin sati takwas, kwana 56: gashin waje, da ƙarin ruwan maganin cisplatin da ake yi sau ɗaya a sati, wanda tun 1999 aka tabbatar yana ƙara wa gashi ƙarfi, da kuma gashin ciki, inda ake sanya tushen hasken dab da bakin mahaifa na ɗan lokaci. Bincike ya nuna duk kwana ɗaya da aka ƙara bayan wannan wa'adi yana rage damar shawo kan ƙarin da abin da ya kai kashi 1 cikin 100, ko ƙasa da haka kaɗan. Dalili shi ne bayan ƴan satuttuka da fara gashi, ƙwayoyin da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa, kuma su ne dama masu taurin. Manomi ya san wannan: ka yi noman fari ka ƙi yin maimai, ciyawar da ta saura ita ce mai zurfin saiwa, kuma yanzu fili ya zama nata. Abin da ke faruwa shi ne a sati na biyu ko na uku jini ya tsaya, wari ya ɗauke, sai a ce alhamdulillahi ta warke, ga damina ta kama, ga biki, ga kuɗin masauki ya ƙare, a ɗauko ta a dawo gida. A ganinmu nan ne ake asarar mata da yawa waɗanda da sun tashi. Kuma wurin da aka taɓa yi wa cikakken gashi, da wuya a iya maimaita masa.

Mun san maganar tana da sauƙin faɗa a bakin makirfo. Sashen gashi na farko na gwamnati a Nijar an buɗe shi a 2021, a Cibiyar Yaƙi da Cutar Kansa ta Ƙasa da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Daga Maraɗi zuwa can ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Wata biyu a Yamai, da mai jinya, da abinci, da kuɗin taksi kullum, ba ƙaramin nauyi ba ne a kan talaka. Shi ya sa muke kira ga ƴan'uwa na waje masu aiko da taimako: kafin a tashi a tambayi likita sati nawa ne, wane sashe za a yi a ina, gashin ciki a ina za a same shi, sannan a yi lissafin dukan kwanakin. Gara a raba kuɗin sati-sati har ƙarshe da a turo shi dunƙule a farko ya ƙare a sati na uku. A kuma tsayar da wadda za ta riƙe gida da yara, don yawanci tunanin gida ne ke ɗago mace daga gadon asibiti. A gaya wa miji gaskiya tun farko cewa gashin ƙugu yana tsayar da al'ada da haihuwa, kada ya ji daga baya ya ce an cuce shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin dubu 660 suka kamu da wannan ciwo a duniya, kimanin dubu 350 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Alhali tun kafin ya zama sankara ana iya ganinsa. Ungozomar asibiti tana shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, bayan minti ɗaya wurin da ya fara canzawa ya yi fari, a daskarar da shi ko a ɗumama shi da ƴar na'ura, ba tare da an kai ga gashi ko tafiya Yamai ba. OMS na ba da shawarar fara awon daga shekara 30, ga mai ɗauke da sida kuma daga 25. Akwai kuma allurar rigakafin HPV ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda Najeriya ta shigar cikin rigakafinta na yau da kullum a watan Oktoba na 2023, don haka masu ƴaƴa mata a can su nema. Mu na nan kuma, ranar awon ciki ko ranar kai yaro rigakafi, a tambayi ungozoma a CSI inda ake awon bakin mahaifa mafi kusa da kuma ranar da ake yinsa.